Wasannin tebur da ake saukewa a Xbox, akwai riba kuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mayar da wasannin kati da na tebur zuwa na saukewa a na'urar gem yana kawo riba. Yana kawowa, amma ba kowa ke ci ba. Wasan kati na Uno ya fito a Xbox Live Arcade, shagon sauke wasanni na Xbox a lokacin, a 2006 kan dala 5, kuma shi ya fara haura saukewa miliyan ɗaya a can. Catan da Carcassonne suka biyo baya a 2007. Babu kuɗin buga faifai, babu dako. Sai dai mai na'urar kan yanki kusan kashi 30 cikin ɗari, mai asalin wasan ma ya karɓi nasa. Wasan da sunansa bai fita ba kuwa, da ƙyar yake mayar da uwar kuɗi.