Kwamfuta za ta iya haɗa darasi da kanta?

Tambaya: Ni malamin gona ne a Argungu. Wayata cike take da hotuna da muryoyi da bidiyon noman shinkafa. An ce akwai manhajar da ke haɗa su da kanta su zama darasi, manomi ya riƙa dannawa yana zaɓen abin da yake so. ChatGPT ake nufi?

Amsa: A'a Malam, wannan hanya ta girmi ChatGPT nesa ba kusa ba. Manɗiƙi ne, irin wanda ake karantawa a zaure: ka ba kwamfuta bayanai da ƙa'idoji, ita ta fitar da hukunci. Prolog, harshen kwamfutar da ya yi suna a wannan aiki, tun 1972 aka ƙirƙiro shi a Faransa. A farkon shekarun 1990 masu bincike a Jamus suka gina manhajar WIP, wadda ke tsara zane da rubutun yadda ake aiki da injin haɗa kofi.

A naka aikin, kowane hoto sai an gaya mata ko na mene ne: wannan dashe, wannan zuba taki. Sannan a rubuta ƙa'idoji. In mai kallo bai yi boko ba, murya ta maye gurbin rubutu. In intanet ba ƙarfi, a sa hoto maimakon bidiyo. Kada bayanin girbi ya riga na dashe. Manomin fadama ya danna noman rani, ta tsara masa nasa. In tsarin ya fi ƙarfin fuskar wayarsa, ta ja da baya ta gwada wani. Daidaita murya da hoto ma lissafi ne: a 1983 masanin kwamfuta James Allen ya nuna alaƙa 13 ce kawai ke yiwuwa tsakanin lokuta biyu masu farko da ƙarshe, kamar lokacin murya da na hoto.

Abin da ya sa nake ganin girmanta, ba ta ƙago abin da ba ka ba ta ba. In ta yi kuskure, kana iya bin sawu har ka kamo ƙa'idar da ta jawo shi. A maganar yawan taki ko maganin feshi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai rubuta ƙa'idojin akwai cin rai. In darasi biyu ko uku ne, PowerPoint ya ishe ka. In kuwa masu yawa ne, nemi ɗalibin kwamfuta a jami'ar Aliero ko ta Birnin Kebbi ku haɗa hannu. Kafin nan, fara sa wa kowane hoto suna da lokacin noman da ya shafa.