Amsa ga ƙanenmu na Aboabo kan sigarin lantarki da barin taba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanenmu da ya rubuto daga unguwar Aboabo da ke Kumasi ya ce ya shekara goma yana shan sigari, maiɗakinsa na da juna biyu, kuma yana so ya rabu da taba kafin ta sauka. Wani abokinsa ya ce masa ya sayi sigarin lantarki, shi ne yake tambaya ko wannan zai raba shi da ita. Na karanta amsoshin da aka ba shi. Wasu sun ce ya ji tsoron Allah, wasu sun ce ya ɗaura niyya kawai. Ba su yi ƙarya ba, amma wanda ya fito gaban jama'a ya faɗi matsalarsa ai ya riga ya ɗaura niyyar, dabara yake nema.

Ƙanena, ni tsohon direban babbar mota ne, daga Tema nake ɗaukar kaya zuwa Wagadugu da Yamai. Tun ina yaron mota na fara zuƙa, na kuma bari shekaru da dama da suka wuce. Amsata a taƙaice ita ce: sigarin lantarki yana iya raba mutum da sigari, na ga wanda ya raba, amma ba shi zan fara miƙa maka ba, musamman a nan Ghana.

Abu biyu ne a cikin karan sigari, mutane kuma suna haɗa su wuri ɗaya. Akwai nikotin, shi ne yake kama ka. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa kake jin kanka ya sauka nan take. Sannan akwai hayaƙin ganyen da ke ƙonewa, mai ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa huhu da zuciya daga hayaƙin take. Sigarin lantarki ba ya ƙona ganye, ruwa yake dumamawa ya zama tururi mai nikotin. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003; shi kansa mashayi ne, ciwon dajin huhu kuma ya kashe mahaifinsa. A Ingila ma'aikatan lafiya suna ba manyan da suka riga suka kamu da sigari shawarar komawa kansa, bincike kuma ya nuna yana taimaka wa mutane su bari, har ya ɗan zarce cingam da filastan nikotin. Ba zan ɓoye maka wannan don in ci gardama ba.

To amma Ingila daban, Kumasi daban. Can akwai doka kan yawan nikotin da za a zuba a ruwan, bai wuce miligiram 20 a kowace mililita ba, akwai kuma ma'aikacin lafiya da zai riƙa bibiyar mutum har ya sauka. Duk da haka su ma a watan Yunin 2025 sun hana sayar da irin wanda ake sha a yar. A nan, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta fito a 2023 ta ce sayar da shi da tallarsa don shaƙatawa ya saɓa wa doka, sai dai a yi masa rajista a matsayin maganin barin taba wanda likita zai rubuta. Abin da kake gani a shagunan waya da na turare, da wanda yara ke tallatawa a Instagram, mai ƙamshin mangwaro da kankana, ba ta wannan ƙofar ya shigo ba. Wasu an rubuta 5% a jikinsu, wato miligiram 50 a kowace mililita, ninki biyu da rabi na abin da aka yarda da shi a Ingila. Wannan ma in rubutun gaskiya ne, don ba ka da hanyar sanin abin da aka zuba.

Ga abin da na gani da idona, wanda ya fi damuna fiye da maganar doka. Karan sigari yana da ƙarshe. Ka kunna, minti biyar ya cinye, ka taka guntun. Yana da wari, dole ka fita daga ɗaki, dole ka kauce wa idon manya, ba ka isa ka kunna shi a gaban surukinka ko kusa da masallaci ba. Waɗannan duka birki ne da ba ka san kana da su ba. Na lantarki ba shi da ko ɗaya. Yana aljihu, ba ashana, ba toka, ba warin da zai tona maka asiri. Wani yaro da ya yi aiki a motata ya koma kansa don ya bar sigari. Kafin wani lokaci ya zama a kan gado yana zuƙa, a bayan gida yana zuƙa, in ya farka tsakar dare hannunsa na ƙarƙashin matashi yana lalube. Ran da batir ya mutu muna layin kan iyaka a Paga, sai ga shi ya sauka ya sayo kara biyu. Tun daga nan ya zama mai shan duka biyun: lantarki a cikin mutane, sigari in ya keɓe. An gudu ba a tsira ba. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa ai ya rage. Ko kara ɗaya a rana yana ɗaga haɗarin ciwon zuciya sosai, ba ya sauka daidai da yawan karan da ka rage.

Wanda na ga abin ya yi wa amfani wani tela ne a unguwar Asawase da ke Kumasi, dattijo mai tsari. Ranar da ya sayi na'urar, ranar ya kyautar da leta da sauran kwalin da ke shagonsa. Ya nemi irin wanda ake ƙara wa ruwa, ya riƙa sauka daga mai ƙarfi zuwa mai sauƙi, ya hana kansa zuƙa a cikin shago ko a gida, sai ya fita waje kamar yadda yake yi da sigari. Ya kuma sa wa kansa ranar ajiye shi, ya ajiye. In ka dage sai ka bi ta wannan hanya, to haka za ka bi ta: sigari ya yanke gaba ɗaya tun ranar farko, na'urar kuma ta san ranar sallamarta. Ka fara ganin likita. Kuma da jariri na tafe, ka sani ruwan nan guba ne in yaro ya haɗiye shi, ga shi da ƙamshin alewa.

Ni da cingam na nikotin na fita, na kuma haɗa da azumi. Dubi wannan: duk shekara kana wuni tun daga asuba har magariba ba ka zuƙa ba, wata guda cur. Jikinka ya riga ya nuna maka zai iya. Wurin da muke faɗuwa shi ne bayan buɗa-baki, dabino na sauka ana neman lungu. Na cike wannan gurbin da cingam da tafiya masallaci da wuri, ban dawo ba sai bayan asham. In azumi ya yi maka nisa da haihuwar, kada ka jira shi, ka zaɓi rana cikin mako biyu masu zuwa ka gaya wa maiɗakinka.

Cingam ɗin yana da yadda ake cinsa, da yawa kuma a nan suke ɓata shi su ce ba ya aiki. Ba a tauna shi kamar na yara. Ka tauna a hankali har ka ji yaji-yaji, sai ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya lafa ka sake taunawa, har kusan rabin awa. Ta fatar baki nikotin ɗin ke shiga. In ka yi ta haɗiye yawun, shaƙuwa da zafin ƙirji za ka samu. Kada ka sha kofi ko lemo minti 15 kafin ka sa shi. Akwai mai miligiram 2 da mai 4, kuma wanda yake kunna karan farko cikin rabin awa da tashi daga barci, mai 4 ake ba shi. Filasta kuwa ana manna shi a dantse da safe, yana sakin nikotin a hankali, ana sauka daga 21 zuwa 14 zuwa 7. Haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya shi kaɗai. Ba kowane kantin magani ke ajiye su ba, ka nemi manyan na cikin gari, ka yi magana da ainihin mai ilimin magani, kada ka tsaya kan yaron kanti. Akwai kuma ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion, waɗannan sai da takardar likita. Zan faɗi wata magana ba don ina zarginka ba, don masu karatu ne: duk mai taɓa tramadol ya gaya wa likita gaskiya kafin a ba shi bupropion, haɗuwarsu na iya jawo farfaɗiya.

Kwana uku na farko su ne masu zafi. Fushi ba dalili, ciwon kai, barci ya ƙi, ciki ya ɗaure, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Mako na farko in ya wuce abin yana sassautawa, yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu jiki ya daidaita. Ita sha'awar kanta, komai ƙarfinta, 'yan mintuna take yi ta wuce, ko ka sha ko ba ka sha ba. Ka sha ruwa, ka yi alwala, ka sa asuwaki a baki, ka tashi daga inda kake zaune. Ka roƙi maiɗakinka haƙuri tun kafin a fara, don ita za ta fi kowa shan faɗan, ga ta da nauyin ciki.

Amma nikotin rabin yaƙin ne. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Ni tabata tana da tashoshi kamar yadda motata take da su: in na wuce Techiman, in na tsaya cin abinci a Kintampo, in dare ya raba tsakanin Tamale da Bolga barci na fizga ta. Kai ma naka suna nan. Bayan koko da ƙosai da safe, bayan ka ci wake da shinkafa da rana, sai kuma babbar tashar, majalisar ataya da dare. Ka zauna ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ka tanadar mata abin da za ka yi a madadin kara. Majalisar kuwa, ra'ayina ka ɗauke ƙafa na wata guda. Za su yi maka tsiya, su ce madam ta kafa doka. Bar su. A cikinsu akwai wanda zai miƙo maka kara yana dariya, ba don mugunta ba, don barinka yana tuna masa da nasa. Masu sayar da kara ɗaya-ɗaya a bakin titi su ma jarrabawa ce, don mutum zai ce ai ban sayi kwali ba. In akwai mai teburin da ya saba miƙo maka tun kafin ka yi magana, ka canja hanya.

Wani abu da ba a cika faɗa ba game da ataya da goro: hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin da ke hana barci a cikin shayi da kofi da goro. In ka bar taba, kofin da ka saba sha zai yi maka ƙarfi fiye da da. Sai ka ji zuciya na bugawa, hannu na rawa, barci ya gudu, ka ɗauka rashin sigari ne, alhali atayar ce. Ka rage ta da rabi, goro kuma kada ya wuce la'asar. Ga masu shan magani na dindindin, ku gaya wa likita kun bar taba, don akwai magungunan da ake sake wa awo saboda wannan dalilin.

Shisha ba mafaka ba ce. Ruwan ba ya tace komai na kirki, zama ɗaya mutum na zuƙar hayaƙi mai yawan gaske, ga iskar gawayi mai guba a kai. Taba ta shaƙa da ta sawa a baki irin ta tsofaffinmu ita ma tana da nata ciwon dajin baki.

Game da gida, daga yau ba sai ranar bari ba: kada ka sha a ɗaki, ko a bakin taga, ko a tsakar gidan haya inda yaran maƙwabta ke wasa. Hayaƙin da mai ciki ke shaƙa yana iya sa a haifi jariri ba nauyi, bayan haihuwa kuma yana ƙara haɗarin asma, ciwon kunne da mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar mutane in ba inda aka keɓe ba, amma ba ɗan sandan da zai shigo ɗakinka, wannan kai ne mai tsaronsa. A naka jikin kuma, cikin awa 12 da karan ƙarshe iskar gubar da ke jininka take komawa daidai, bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Za ka ji abinci ya ƙara daɗi, za ka ɗan yi ƙiba, kada hakan ya tsorata ka.

In ya faru ka zame ka sha kara ɗaya a wajen biki ko ranar ɓacin rai, ba a koma farko ba. Kada ka sayi kwali, ka duba abin da ya ja ka, ka ci gaba a ranar. Yawancin waɗanda suka bari ba a karon farko suka dace ba.

Tari yakan ƙaru a makonnin farko saboda huhu na fitar da datti. Amma in ya kai mako biyu yana tare da zazzaɓi, gumin dare ko rama, ko ka ga jini a kaki, ka tafi asibiti a gwada ka. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ka rubuto mana kara nawa kake sha a rana da lokacin da kake kunna na farko, da wannan ne mai magani zai san ƙarfin da ya dace da kai. Allah ya sauki maiɗakinka lafiya.