Tambaya da Amsa: Ciyawar napwid ta cinye mana wurin kiwo a Montana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a gonar wani bawan Allah a jihar Montana ta Amurka, yana da shanu da dawakai da 'yan tumaki. Akwai wata ciyawa mai fure ruwan hoda da suke kira napwid, ta mamaye wurin kiwo da bakin titi, bara mun yanke ta da inji amma bana ta dawo ta fi da. Don Allah yaya za mu yi?

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya taimaka. Ciyawar nan baƙuwa ce a can, asalinta daga Turai take, ta shiga Arewacin Amurka a shekarun 1890, kuma Montana na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna har dokar jihar ta ɗora wa mai fili alhakin yaƙi da ita. To ka ga maigidanka ba shi da zaɓi.

Yankan da kuka yi bai yi aiki ba saboda saiwarta doguwa ce tana nutsewa ƙasa kamar ta karas, in ka sare kai sai ta sake tohowa ta yi fure ƙasa-ƙasa inda wuƙar inji ba ta kaiwa, sannan irin da ta zubar yana iya kwanciya cikin ƙasa shekara 7 zuwa 8 da ransa. Wato ko yau kun kashe duk wadda ido ke gani akwai na ƙasa yana jiran ruwa. Wannan aikin na shekaru ne, ku sa haka a ranku tun yanzu kar ku karaya a shekara ta biyu.

Inda take tsilli-tsilli, ku tuge ta da hannu bayan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, a fito da saiwar, ku sa safar hannu don tana sa wasu ƙaiƙayi, wadda ta riga ta yi fure a zuba a leda a ɗaure, kar a yar a gefen shinge. Inda ta yi yawa sai feshi, ana amfani da maganin kashe ciyawa mai suna Milestone ko Tordon tun tana ƙarama a kwance kafin ta miƙe, ko da kaka. Amma don Allah ka kula da wannan sosai, maganin yana bin ciyawa ya fita ta kashin dabba bai mutu ba, in aka kwashi takin aka zuba a lambu sai ka ga ganyen tumatir da wake ya nannaɗe ya lalace.

Tumakin nan da ka ambata ku yi amfani da su, suna cinta musamman tana ɗanya, shanu ne ba sa so. Dawakai kuwa a bincika, akwai wani nau'in napwid da ake kira na Rasha da ke taɓa musu ƙwaƙwalwa su kasa tauna, kuma ba ya warkewa. Ka cire guda ɗaya har saiwa ka kai ofishin kula da ciyayi na gundumarku su tantance, a can ma za ka tambayi ƙwarin da ake saki masu cin saiwa da 'ya'yanta, suna rage mata ƙarfi a hankali.

Abin da na fi so ka gaya wa maigidan shi ne ya rage yawan dabbobi a filin ya bar shi ya huta, a shuka ciyawa mai kyau duk inda aka kashe ta, don ƙasa in ta zauna tsirara napwid ce za ta fara fitowa. Ku riƙa wanke tayar mota da tarakta in kun bi ta bakin titi, harawa kuma ku sayi wadda ke da takardar shaidar ba irin muguwar ciyawa a ciki.