Ɗana ya haddace waƙoƙin dabbobi na Turanci, ko ɗaya bai iya da Hausa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni mazauniyar Agege ce a Legas. Ɗana shekararsa uku, kuma tun da ya shiga nazare bakinsa bai huta ba: waƙar Baby Shark, waƙar baƙar tunkiya, da ta wani manomi mai dabbobi iri-iri har da alade, yana yi yana kwaikwayon kukansu. Har ta Yarbanci ya kwaso wajen 'ya'yan maƙwabta. Da surukata ta zo daga Katsina ta ce ya yi mata ɗaya da Hausa, sai ya yi zuru. Ta ce mun bar yaro ya zama ɗan Turawa, kuma ba ta son jin alade a bakin jikanta. In hana shi ne? Kuma mu muna da irin waɗannan waƙoƙin kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki hana shi. Yaron da ke riƙe waƙa tun daga farko har ƙarshe a shekara uku, kunnensa da harshensa suna aiki yadda ake so. Hajiya kuma tana da gaskiyarta, don akwai abin da ya rasa. Sai dai ba waƙoƙin makaranta ne suka ƙwace masa Hausa ba, babu wanda ya rera masa ta Hausar ne.

Bari mu fara da dalilin da ya sa waƙoƙin nan ke kama yara haka. Kusan dukkansu gini ɗaya ne: baiti gajere, a maimaita shi, a canza kalma guda kawai. Yaro yana jin daɗin sanin abin da zai biyo baya, in ya canka daidai sai ya ƙyalƙyale da dariya. Kukan dabbobi kuma ya fi sunayensu sauƙi a bakin ƙaramin yaro. Sautukan leɓe irin su "m" da "b" suna cikin waɗanda jariri ke fara iyawa, shi ya sa za ki ji ya ce "mee" tun kafin ya iya cewa tunkiya. Sannan akwai motsi: tafi, buɗe hannuwa kamar bakin kifi, tsalle irin na kwaɗo. Abin da jiki ya yi tare da baki ba ya saurin fita daga kai. Waƙar manomin nan da kika ambata, Old MacDonald, duk baiti sabuwar dabba ce ke shigowa, a wasu wuraren ma sai an koma an jero na baya, wato horon hadda ne a fakaice. Ta 'yan agwagi biyar da ke raguwa ɗaya bayan ɗaya kuwa lissafin ɗebewa ce tun kafin ya san allo.

Wasunsu tsofaffi ne ƙwarai. Ta baƙar tunkiya an buga ta a Ingila tun wajen 1744. Baby Shark kuwa bidiyon da yaranmu suka sani kamfanin Pinkfong na Koriya ta Kudu ne ya fitar da shi a 2016, ya zama wanda aka fi kallo a YouTube a Nuwamban 2020, ya haura kallo biliyan 10 a Janairun 2022. Kin ga ba ɗanki kaɗai ta kama ba. Abin da nake so ki lura da shi, akwai kamfani da kuɗi da masu zane a bayan wannan waƙa, suna tura ta cikin kowace waya. Tamu ba ta da mai tura ta sai bakin uwa da kaka.

Muna da su kuwa, amma ba a aji suke zaune ba. Mafi yawan waƙoƙin dabbobi na Bahaushe a cikin tatsuniya suke. Ana cikin labarin Gizo da Ƙoƙi, ko na kura da kwaɗayinta, ko dila malamin daji, sai mai ba da labari ta tsaya ta rera waƙar da tsuntsuwa ta yi a kan reshe don ta tona asirin mugu, yara su karɓi amshi, sannan labari ya ci gaba har a kai ƙurunƙus. Sauran suna cikin waƙar reno, da wasannin dandali, da kirarin dabbobi da yaro ke tsinta a bakin manya: hankaka mai da ɗan wani naka, belbela ci da motsin wani. Duk wannan yana buƙatar tsakar gida, da farin wata, da tsohuwa mai lokaci. A ɗaki ɗaya cikin gidan haya a Agege ko Idi-Araba, uba ya dawo ƙarfe tara a gajiye bayan cunkoson hanya, janareton maƙwabta na ruri, uwa na fama da tukunya, wa zai ce "ga ta nan, ga ta nanku"? Waya ce ta gaji wurin kaka, ita kuwa waya abin da aka zuba mata take rerawa.

Batun Yarbanci kada ya tayar miki da hankali. Yarbawa ma haka tsarinsu yake, waƙa a cikin labari, sai dai gwaninsu na wayo kunkuru ne, Ijapa, a inda mu muke da Gizo. Tun 2018 Jihar Legas ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantunta, don haka zai ci karo da shi ko a aji ko a layi. Yaro yana iya ɗaukar harshe biyu ko uku ba tare da ya rikice ba. In kika ji ya cakuɗa su cikin jimla ɗaya, wannan mataki ne da masu harsuna da yawa ke bi, yana warwarewa da kansa. Harshen da ke mutuwa a bakin yaro shi ne wanda ba a yi masa komai da shi sai umarni da faɗa: zo nan, ajiye, bari. In Hausa ta tsaya nan, Turanci ya ɗauki wasa da dariya, kin san wanda zai zaɓa.

Alade kuma, hukunci na malamai ne, ba fagena ba. Abin da zan ce ta fuskar tarbiyya shi ne yaro ya san sunan dabba daban, ya ci namanta daban, kuma gara ya san ta ya san ba ma ci. Amma tunda Hajiya ba ta so, ba sai an yi rigima ba: ginin waƙar yana karɓar kowace dabba. A gida ki cire alade ki sa raƙumi ko jaki, yaron ba zai yi ƙara ba. In ma ana son a lallashi Hajiya, a tuna mata surorin da ke ɗauke da sunan saniya, ƙudan zuma, tururuwa, gizo-gizo da giwa, a roƙe ta ta ba shi labarin alhudahuda da Annabi Sulaiman.

Hajiyar nan ita ce babbar dukiyarki, kada ki bari ta koma Katsina da abin da ke kanta. Maimakon ta ce ya yi mata waƙa, ita ta yi masa. Ki ɗauki muryarta a waya. In ta koma, a riƙa turo saƙon murya ta WhatsApp, tatsuniya ɗaya a mako ta isa, don yaro ba ya gajiya da maimaici, mu manya ne ke gajiya. In kin samu littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, za su tuna miki da yawa daga abin da kika manta.

Ke ma ki ƙirƙira, ba sai kina da murya ba. Ga irin abin da nake nufi, yanzu na haɗa shi:

Zakara, zakara, wa ya tashe ka?
Asuba ce, ƙiƙiriƙi!
Akuya, akuya, me kika samu?
Ɓawon doya, mee!

Ke ki yi tambaya, shi ya ba da amsa, kuna tafi. Gobe ki ƙara kyanwa, jibi doki. Ta nan zai san zakara cara yake yi, kare haushi, doki haniniya, kalmomin da yaran birni da yawa ke girma ba su taɓa furtawa ba. Lokacin wanka da lokacin shafa mai sun fi dacewa, don hannunki na jikinsa kuma ba ya da wurin gudu.

Sannan gani ya kori ji. Ke da ke Agege ba ki da nisa da Oko-Oba inda ake sauke shanu, kuma gab da Babbar Sallah raguna har bakin titi suke. Babansa ya ɗauke shi ya ga sa mai tozo da ƙaho, ya ji kukansa na gaske, ya taɓa gashin rago. Saniyar cikin bidiyo mai dabbare-dabbaren baƙi da fari ba irin tamu ba ce, ya kamata ya san farar saniyar Fulani da idonsa.

Wayar dai ki sa mata iyaka. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. In zai kalla, ki zauna kusa, ki riƙa tsayar da bidiyon kina tambayarsa da Hausa: wannan wace dabba ce, me take ci, a ina take kwana? In ya amsa da Turanci kada ki gyara shi da tsawa, ki ce "eh, agwagwa ce", ki saki bidiyon ya ci gaba.