Tseren keke a kan ƙanƙara: yadda ake kafa wa taya ƙusoshi a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a jihar Minnesota ta Amurka, wannan ne hunturuna na biyu. Na ga wasu suna tseren keke a kan tafkin da ya daskare, tayoyinsu duk ƙusoshi kamar bushiya, aka ce da hannunsu suka kafa. Ina da tsohon keke mai tayar inci 26, irin na hawan tsauni. Zan iya yin nawa? Me zan saya, kuma me ya fi lalacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya, kuma kekenka shi ne daidai wannan aiki. Sai dai ka ware wuni guda, domin aikin ba wuya gare shi ba, cin rai ne da shi.

Roba ba ta kama ƙanƙara, ko da tayar sabuwa ce fil. Abin da ke riƙe keke a kai shi ne tsinin ƙarfe da ke nutsewa cikinta. Kamfanoni na yin irin wannan taya: Nokian ta ƙasar Finlan ta yi mai ƙusa 106 don zirga-zirgar gari da mai 294 don daji, Schwalbe ta Jamus na da Ice Spiker Pro mai sama da 350, ga kuma 45NRTH a nan jihar da kake. Bakin ƙusoshinsu na wani ƙarfe ne mai tsananin tauri da kwalta ba ta cinye shi da wuri, amma gajeru ne, da ƙyar suke kai milimita 2. Shi ya sa masu tsere ke yin nasu: a kan zallar ƙanƙara, doguwar ƙusa mai kaifi ta fi cizo a kwana. Wasan ya daɗe a garuruwan sanyi. A Toronto ta Kanada ma akwai wanda ake kira Icycle, da aka yi shekaru ana yi a filin ƙanƙara na Dufferin Grove.

Ka nemi tayoyi biyu masu manyan haƙora, masu kauri, waɗanda ba su suɗe ba. Ƙusar kuwa ba ta kafinta da ake bugawa da guduma ba ce. Sukuru mai zare ake nufi, irin na ɗaure kwanon ƙarfe, lamba 6 ko 8, tsawon inci 3/8 zuwa rabin inci, wato kamar milimita 10 zuwa 13. Kansa ya zama mai faɗi, mulmulalle. Mai kai kamar mazurari gefensa na da kaifi, yana yanka tub, yana kuma nutsewa cikin robar har ya fita ta waje. Baƙin sukurun da ake kafe silin da shi yana da arha da tsini, amma gautsi gare shi, karyewa yake. Sai injin huda da siririn baki na milimita 1.5 zuwa 2, alli, filaya mai yanka, tsofaffin tub biyu, tef mai ƙarfi, hoda, da safar hannu ta fata. Safar ba ado ba ce. Wanda ya taɓa mayar da irin wannan taya kan gargare da hannu tsirara ya san dalili.

Kewayen tayar inci 26 ya ɗan haura mita 2. Idan ka yi layi huɗu, ƙusa ɗaya a kowane santimita 3, kowane layi zai ci kamar 70, taya guda kuma kusan 280. Sayi 600, don wasu za su lalace. Nauyin da zai ƙaru a kowace ƙafa ya kusa rabin kilo in an haɗa da shimfiɗar ciki, kuma za ka ji shi a cinya.

Inda aka kafa ƙusar ya fi yawanta muhimmanci, kuma a nan sababbin shiga ke yin kuskure: sai su cika tsakiyar taya su bar gefe. A miƙaƙƙiyar hanya keken na tafiya lafiya lau, amma da an karkata a kwana, tsakiyar ta ɗaga, roba tsirara ta sauka kan ƙanƙara, sai dai a ji mutum ƙasa. Layukan tsakiya na turawa ne da birki, na gefe kuwa su ne na kwana. Don haka tayar gaba a yawaita mata na gefe, ta baya a ƙarfafa tsakiyarta ba tare da an bar gefen fayau ba. Idan kuɗi ko haƙuri bai kai na taya biyu ba, gaba za ka yi. Baya in ta zame ana iya tarowa. Gaba in ta zame, kafin ka ce me, ka faɗi.

Ka fara da yi wa haƙoran da ka zaɓa alama da alli. Ka huda kowanne daga waje zuwa ciki, a tsakiyar haƙorin cif, bakin injin na bin yadda haƙorin ya fuskanta. Na gefe a karkace suke, hudarsu ma a karkace za ta tafi. Sannan ka juya cikin tayar waje, ka murɗa sukurun daga ciki, tsininsa ya ɓullo ta haƙorin. Dalilin hudawa daga waje shi ne, in ka fara daga ciki ba ka ganin inda zai fito, rabinsu za su ɓullo ta gefen haƙori, inda robar ba ta da kaurin riƙe su. Ka murɗa a hankali, da kan ya zauna a jikin roba ka tsaya. In ka zarce, zaren zai cinye ramin, ƙusar ta riƙa girgiɗi kamar haƙorin tsoho.

Tsinin da ya leƙo waje ya zama milimita 3 zuwa 6. Wanda ya wuce haka ka datse shi da filaya a karkace don bakinsa ya kasance da kaifi. Doguwar ƙusa na lanƙwasa haƙorin duk lokacin da ta taka, kanta kuma na dannan tub daga ciki, ƙarshe ko ta yage robar ko ta fasa tub. Tana kuma iya gogar ƙarfen keken. Kafin ka datse, ka tambayi masu shirya tseren ko suna da iyakar tsawo.

Yawancin facin da ake samu da wannan taya daga ciki yake zuwa, daga kawunan sukurun. Ka bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda bakin inji ya yi wa ƙaya, ka goge shi ko ka canja. Ka tsaga tsohon tub a tsaye, ka yanke bawul ɗin, ka shimfiɗa shi a kan kawunan, ka kama shi da tef. Tsohuwar siririyar taya da ta suɗe, wadda aka yanke wa wayar baki, ta fi tub kariya, sai dai ta fi nauyi. Kada ka dogara da tef kaɗai: gam ɗinsa na sandarewa a sanyi, ya zame, ya bar kawunan a buɗe. Ka barbaɗa hoda, ka sa sabon tub, ka ɗaura, ka juya ƙafar da hannu kana saurare. Ko ƙaramin ƙas-ƙas ka ji, nemo ƙusar da ke taɓa ƙarfe. Madigadi kuwa cire shi ya fi.

Iska kaɗan ake so, awo 20 zuwa 25 a ma'aunin famfo na PSI, don tayar ta baje ƙusoshi da yawa su taka lokaci guda. Ka auna a waje. Tayar da aka ba awo 30 a ɗaki mai ɗumin digiri 20 na ma'aunin Celsius, in ta fita cikin sanyin digiri 15 ƙasa da sifiri, za ta sauko wajen 25. In iskar ta yi ƙasa ainun, tayar na sulalewa a kan gargare ta ja tub har bawul ya tsinke.

Sanyi na taɓa sauran keken ma. Birkin da ke matse gargare ba ya kamawa in ƙanƙara ta lulluɓe shi, mai faifai ya fi. Girisi mai kauri na daskarewa a cibiyar ƙafar baya, ka taka feda ka ji tana juyawa a banza. A wanke a sa mai mara kauri. Kada ka riƙa shiga da keken ɗaki kana fitowa, dusar da ta narke za ta shige wayar birki ta sake daskarewa. Kuma kada ka hau wannan taya a kwalta: tafiyar 'yan kilomitoci ta isa ta dakushe aikin wuni guda.

A fili, ka sauke sirdi kaɗan, ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, ka taka feda sumul ba da fizga ba. Hular kwano dole ce, haka ma abin kare ƙwauri da safa mai kauri, domin in aka yi karo, tayar abokin tsere zarto ce.

Sai ita ƙanƙarar kanta. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minnesota na cewa kada a taka wadda ba ta kai kaurin inci 4 ba, wato santimita 10, kuma wannan ga sabuwa ce garai-garai. Fara mai haɗe da dusa ƙarfinta kusan rabi ne, sai an ninka awon. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada na ba da santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 ga taro. Kaurin ba ɗaya ba ne a duk tafki: mashigar ruwa, ƙarƙashin gada da wurin ciyayi sun fi rauni. Gwajin farko ka yi shi a filin da masu tseren suka auna suka share, da mutane a kusa. Bayan zagaye goma ka sauka ka ƙirga ƙusoshin da suka karkace, ka canja su kafin ranar tsere.