Amsa ga mai tambaya kan littattafan Hunger Games da jin waƙa lokacin karatu

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki tun jiya, kin ce kin kalli fina-finan Hunger Games kina so ki ji ko akwai amfanin ki koma ki karanta littattafan, sannan wai wace waƙa muke sawa in muna karatu. To ga nawa, ki yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Ki karanta kawai. Ni wata ƙawata ce ta ara min na farkon duk bangon ya yage, lokacin ina zaman jiran sakamakon jarrabawa ba abin da nake sai wanke-wanke da barci, wallahi kwana biyu na gama shi har tuwo na ƙona. Suzanne Collins ta fitar da shi a 2008, Catching Fire 2009, Mockingjay 2010. A fim kallon Katniss, jarumar labarin, kike daga waje, a littafi kuwa ita ke ba ki labari da bakinta, nan za ki gane ashe rabin soyayyar da take nuna wa Peeta, yaron da aka zaɓo su tare, a filin gasar da ake tilasta wa yara su kashe juna lissafi ne, don attajiran Capitol, birnin masu mulki, su ji tausayi su aiko da abinci da magani. Kuma yunwa, fim bai nuna yunwar nan yadda take ba. Yaro talaka zai yarda a ƙara sunansa cikin ƙuri'ar mutuwa, wato ta zaɓen masu shiga gasar, don a ba gidansu hatsi da ɗan mai, shi ya sa sunan Katniss ya shiga sau 20, na abokinta Gale sau 42, ita kuwa ƙanwarta Prim sau ɗaya tak amma ita aka zaro. Kai!

Maganar waƙa kuma, da ba na iya karatu sai da iyafis a kunne, duk abin da ke cikin waya ya yi ta tafiya, Hausa ne, Indiya ne. Ranar da na iso wurin Rue, yarinya 'yar shekara 12 tana kwance da mashi a ciki tana roƙon Katniss ta yi mata waƙa, ban san sanda na zare iyafis ɗin ba, wata waƙar biki ce ke kaɗawa a kunnena, sai na ji kamar na shiga gidan makoki ina guɗa. Tun daga nan littafin nan shiru nake karanta shi, don shi kansa cike yake da waƙa. Mutanen da aka ƙwace musu komai har 'ya'yansu, abin da ya rage musu a baki ke nan. Ki duba The Hanging Tree, baban Katniss ne ya koya mata tana ƙarama, mamarta ta hana yin ta a gidan, shekaru suka wuce uban ya mutu a ramin haƙar kwal amma waƙar tana nan a kanta. A fim ɗin 2014 Jennifer Lawrence ce ta rera da muryarta, kuma rashin gwanintar nan ne ya sa ta fi shiga raina.

Abin da nake ji in na ajiye littafin, kar ki yi dariya, Ɗan Maraya Jos ne. Babanmu Allah ya jiƙansa yana da kaset ɗinsa, da yamma yakan zauna kan tabarma da rediyo a gefe yana kaɗa ƙafa, mu muna cewa waƙar tsofaffi ce. Yanzu ni ke nemanta da kaina. Mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yana ba da labarin talaka, in na ji sai in tuna Katniss da babanta, in tuna namu.

Ki bi su a jere, kar ki fara da na 2020 ɗin nan na ƙuruciyar Snow, shugaban ƙasar cikin labarin, duk da labarinsa ya riga da shekara 64, ki bari sai kin gama ukun, a can za ki ga wadda ta ƙirƙiri waƙar The Hanging Tree tun farko.