Ga mai shirin kwana huɗu a dajin Gashaka da jaka ɗaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana son ka yi kwana huɗu kai kaɗai a gandun dajin Gashaka Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, inda babu lantarki babu sabis, da jakar goyo guda ɗaya, kuma a can kake son fara zaman natsuwa irin na bin numfashi, wanda ba ka taɓa yi ba. Kana tambayar me za ka ɗauka, kuma ta ina za ka fara zaman.

Na sha shiga yankin, kuma shawarata ta farko ita ce kada ka bari sai ka isa daji sannan ka fara koyo. Masu cewa daji shiru ne ba su kwana a ciki ba. Da magariba ta yi gyare da kwaɗi za su ɗauka, wani abu ya motsa cikin busasshen ganye a bayanka, zuciyarka ta ce maka maciji ne. Wanda bai saba riƙe hankalinsa a ɗaki ba, a can sai dai ya zauna yana lissafin abin da zai cije shi. Ka fara a gida tun yanzu, ko da mako biyu ko uku ne kafin tafiya.

Yin sa ba wuya. Ka naɗe bargo ka zauna a kai yadda ƙugunka zai ɗan fi gwiwoyinka tudu, in ba haka ba ƙafa za ta yi sanyi, baya ya ƙage tun ba a je ko'ina ba. Ka miƙe bayanka ba tare da sandarewa ba, ka yi numfashi ta hanci yadda ka saba, kada ka ja shi da ƙarfi. Duk fitar numfashi ka ƙirga ɗaya, har zuwa goma, sannan ka koma farko. Kafin ka kai huɗu za ka tsinci kanka a kan kuɗin haya ko wata magana da aka faɗa maka bara. Kowa haka yake, ba alamar ka kasa ba ce. Ka lura ka tafi, ka dawo kan ɗaya, aikin ke nan gaba ɗaya. Minti biyar ya isa a makon farko, daga baya ka kai goma. Ni bayan sallar Asuba na fi jin daɗinsa, in na gama azkar ɗina sai in ci gaba da zama a wurin kafin gari ya waye. A daji kuwa kada ka rufe ido ruf, ka bar su a ɗan buɗe, kuma ka duba ƙasa kafin ka zauna, don layin kwarkwasa ba ya jin bari. Da rana a bakin rafi tsando ba zai ƙyale ka ba, shi ya sa na fi son safiya. Amma in wata damuwa mai nauyi ce ke koro ka, irin wadda ke hana barci ko kawo faɗuwar gaba, kaɗaici kan ƙara mata ƙarfi. Ka fara ganin likita tukuna.

Batun kaya kuma, rage kaya abu ne mai kyau, sai dai mutane kan rage abin da bai kamata ba. Mai jin sanyi, ko ƙishirwa, ko wanda ƙafarsa ta yi bororo ba ya iya zaman komai. Abin jin daɗi za ka rage, amma ruwa da ɗumi da ƙafa ba a taɓa su. Ƙa'idar da masu tafiyar ƙasa ke bi ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Mai kilo 70, kilo 14 ke nan, har da ruwa, kuma kowace lita kilo ɗaya ce.

Ruwa akwai shi a Gashaka, rafuka sun wadata, don haka gora biyu masu lita ɗaya da rabi sun isa in za ka riƙa cikawa. Amma komai garau ɗinsa kada ka sha haka nan, akwai rugage da shanu a saman tsaunukan. Ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, in ka haura mita 2,000 kuma minti uku, ko ka jefa ƙwayar tsaftace ruwa irin Aquatabs ka jira minti 30. Ƙaramar tukunyar silba guda ɗaya ta isa ta dafa shayi, ta dafa taliya, ta tafasa ruwa. Ka haɗa da ashana cikin leda da kuma laita, kada ka dogara da ɗaya.

Sanyin wurin ne ke ba 'yan birni mamaki. Garin Serti, inda ofishin gandun yake, akwai zafi, amma duk hawan mita 1,000 zafi na sauka da wajen digiri 6, kuma Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ko ba can za ka ba, daren hunturu a kan tudu sai da rigar sanyi mai kauri, da hula, da safar barci daban wadda ba ta jiƙe ba. Duk za ka samu a gwanjo da araha. Ka bar wandon jins a gida, in ya jiƙe sai ya wuni bai bushe ba. Rigar ƙwallo da wando marar nauyi sun fi. Kaya biyu kacal, na tafiya da na kwana. Tanti kuwa a rani ban ga amfanin nauyinsa ba: tamfol da igiya da gidan sauro da abin shimfiɗa sun wadatar, shimfiɗar kuma ita ce dardumarka. Ka tafi tsakanin Disamba da Maris, domin da damina rafuka kan cika su tare hanya.

Takalmi sau-ciki wanda ya saba da ƙafarka, ba sabo ba, kuma mai rufe idon sawu saboda maciji. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A hana ƙafar motsi a nemi asibiti da gaggawa. Cikin ƙaramar jakar magani ka sa filasta, bandeji, farasitamol, maganin zazzaɓin cizon sauro, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa. Man kaɗanya kuma don leɓe da faso.

Abinci namu na gida ya fi na gwangwani sauƙin ɗauka: garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi ko dambun nama, garin kunu, madarar gari. Ka ɗaure shi da kyau ka rataye, birai ba su da kunya. Tocila ka nemi ta ɗaurawa a goshi. Babbar waya ka kashe ta, ko ma ka tafi da ƙarama mai madanni wadda cajinta ke kwanaki.

Abu ɗaya da ban yarda da shi a shirinka ba shi ne tafiya kai kaɗai. Gandun nan shi ne mafi girma a ƙasar, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ba a shiga sai da izini da ma'aikacin gandu mai rakiya. In ka bi ta Jalingo da Bali ka iso Serti, ka fara zuwa ofis, ka tambaye su halin tsaro a wannan makon da hanyar da suka yarda a bi, su kuma nuna maka inda ake shiga ruwa da inda akwai kada ko dorina. Ɗan rakiya ba zai hana ka zamanka ba, in ka faɗa masa kana son rabin awa da safe ba magana, zai koma gefe ya haɗa shayi. Ka bar wa na gida ranar da za ka fito da lambar da za su kira in ba su ji ka ba.

Kafin ranar tafiya ka cika jakar yadda za ka tafi da ita, har da ruwan, ka sa takalmin, ka yi tafiyar awa biyu a gari. In ka dawo ka zazzage ta a ƙasa, ka cire abin da kafaɗarka ta ƙi, ban da magani da rigar sanyi.